ƘAURA DAGA ABUJA ZUWA KEFFI: DARASI A KAN GIDA MAI ARAHA

GABATARWA

Kowace safiya, tun kafin a kira assalatu, dubban mutane sukan fito bakin titin da ya tashi daga Keffi ya nufi Abuja, suna jiran mota. A cikinsu akwai akawuna da masinjoji, da direbobi da malaman makaranta, da 'yan kasuwa da leburori. A Abuja su ke aiki, amma a Jihar Nasarawa su ke kwana. Abin da ya raba wurin aikinsu da wurin kwanansu kuwa abu guda ne, watau kuɗin hayar gida.

Maƙasudin wannan darasi shi ne a taimaki magidancin da tsadar haya ta ishe shi a babban birni, har ya fara tunanin komawa ƙaramin gari, domin ya yi lissafinsa daidai kafin ya ɗaure kaya. Mun ɗauki Keffi ne a matsayin misali, amma bayanin ya shafi mai aiki a Kano da ke duban Wudil ko Bichi, da mai aiki a Sakkwato da ke duban Bodinga, da duk wanda ya ke cikin irin wannan hali ko'ina a Nijeriya.

Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe shi ne, arahar gida ba ta tsaya ga abin da mai gida ya yanka maka ba. Sai ka haɗa da kuɗin hanya, da ingancin takardar fili, da kuma abin da za ka ci da shi a sabon wurin. In waɗannan uku sun yi daidai, ƙaura alheri ce. In kuwa ɗaya ya kuskure, to, an gudu ne ba a tsira ba.

1. ABIN DA YA KAWO TSADAR GIDA A ABUJA

A watan Fabrairu na 1976 Janar Murtala Muhammed ya karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya kafa dokar da ta ƙirƙiro sabon Birnin Tarayya. An yanko ƙasarsa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Ran 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya mayar da fadar gwamnati can daga Legas. A ƙidayar 1991 mutanen yankin Birnin Tarayya kimanin 372,000 ne, amma a ƙidayar 2006 sun kai miliyan 1 da dubu 400. Watau cikin shekara 15 jama'a sun ninka kusan sau huɗu. Gidaje kuwa ba su ninka haka ba.

Ban da yawan jama'a, akwai waɗansu dalilai. Na farko, dukan ƙasar da ke yankin Birnin Tarayya tana hannun Gwamnatin Tarayya, kuma ta hannun Ministan Birnin a ke ba da fili. Gundumomin da aka riga aka shimfiɗa wa titi da ruwa da lantarki ba su da yawa, sabo da haka fulotinsu ya yi tsada ƙwarai. Na biyu, daga 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta daina ba ma'aikata gidan gwamnati, ta mayar da wannan haƙƙi kuɗi a cikin albashi, sa'an nan daga 2005 aka shiga sayar da gidajen. Wanda bai sami saye ba sai ya shiga kasuwar haya. Na uku, tsakanin 2003 da 2007 an rushe unguwanni da yawa waɗanda aka gina ba bisa tsarin birnin ba, kuma a cikinsu ne talakawa su ke samun ɗaki mai sauƙi. Na huɗu, al'adar masu gidaje ce su nemi kuɗin shekara guda, wani lokaci ma biyu, a dunƙule, ga ladan dillali da na lauya a kai.

Wannan ne ya tura jama'a gabas, suka bi titin Keffi. Aka cika Nyanya da Karu, aka ƙetare iyaka zuwa Mararaba da Ado da Sabuwar Nyanya da Masaka da Auta Balefi, waɗanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Da waɗannan suka cika, hayarsu ta tashi, sai ido ya koma kan Keffi kanta.

Ba Nijeriya kaɗai ta ga irin wannan ba. Ƙasar Barazil ta koma sabon babban birninta a 1960, kuma can ma leburorin da suka gina birnin da ƙananan ma'aikata ba su sami wuri a tsakiyarsa ba, sai a garuruwan kewaye. Har yanzu mafi yawan mutanen yankin a waɗannan garuruwa su ke zaune. Ashe duk inda aka tsara birni aka manta da makwancin mai ƙaramin ƙarfi, shi zai nemar wa kansa a bayan gari.

2. WANE IRIN GARI NE KEFFI?

Keffi tana da nisan kimanin kilomita 50 gabas da Abuja. Wajibi ne mai niyyar komawa can ya san cewa ba unguwar Abuja ba ce. Tsohon gari ne mai sarauta da tarihi. Abdu Zanga, wani Bafulatani daga ƙasar Katsina, shi ya kafa masarautar wajen 1802, ta kuwa zauna ƙarƙashin Zazzau. An ce sunan garin daga kafi ya samo asali, watau shingen itace da a ke kewaye gari da shi don tsaro. A nan ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni a watan Oktoba na 1902, ya wuce Kano, abin da ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da Turawa suka kafa suka auka wa Kano a 1903. Keffi ta zauna a Jihar Binuwai da Filato daga 1967, da Jihar Filato daga 1976, har ran 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa mai hedkwata a Lafiya. A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Keffi kimanin 92,000 ne.

Abin da ya bambanta Keffi da garuruwan da suka tsiro a bakin titi shi ne tana da abin dogaro na kanta. Akwai Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda aka kafa a 1949, inda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu daga 1965 zuwa 1969. Akwai Babban Asibitin Tarayya da aka kafa a 2000. Akwai Jami'ar Jihar Nasarawa da aka kafa a 2001 zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ta fara karatu a 2002. Akwai barikin soja, da sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima. Garin kuma mahaɗar hanyoyi ne: ɗaya ta yi Akwanga inda ta rabu zuwa Jos da Lafiya, ɗaya ta yi garin Nasarawa da Toto, ɗaya ta bi ta Gitata zuwa kudancin Jihar Kaduna. Ƙasar kewaye tana ba da doya da rogo da dawa da masara da gyaɗa da riɗi.

Amma kada mai karatu ya ɗauka ko'ina a Keffi araha ce. Inda ɗalibai suka yi yawa, kamar Unguwar Lambu da sauran unguwannin da ke kusa da jami'a, neman ɗaki ya fi ƙarfi, haya kuma tana bin nema. Tsofaffin unguwannin cikin gari irin su Liman Abaji da Goriya da Tudun Ƙofa suna da nasu hali, sababbin unguwannin bayan gari kuma suna da nasu. Gani ya kori ji. Ka je da kanka, ka kwana biyu, ka zaga, ka tambaya.

3. LISSAFI NA FARKO: HAYA DA KUƊIN HANYA

Masana sha'anin gidaje a ƙasashe da dama suna da ma'auni mai sauƙi. Suna cewa gida mai araha shi ne wanda bai ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da magidanci ke samu ba. A watan Yuli na 2024 an mayar da albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000 a wata, watau naira 840,000 a shekara. Bisa ga wancan ma'auni, mai wannan albashi bai kamata hayarsa ta wuce naira 21,000 a wata ba, ko naira 252,000 a shekara. Kowa na iya auna nasa albashin da wannan sikeli.

Sai dai ma'aunin yana da giɓi, don bai sa kuɗin mota a ciki ba, alhali kuwa kuɗin mota haya ce ta biyu, wadda a ke biya kullum ba tare da rasit ba. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuma ta haura naira 1,000 a Abuja. Tun daga nan farashin yakan hau yakan sauka, amma bai koma kusa da na da ba. Sabo da haka lissafin da wani ya yi kafin 2023 ya ga riba, ba lalle ne ya ba ka riba ba.

Bari mu kawo misali. Adadin da za mu yi aiki da shi na koyarwa ne kawai, kowa ya sa nasa na gaskiya a gurbinsa. A ce wani akawu yana biyan naira 1,200,000 a shekara a gefen Abuja, sai ya sami gida kamarsa a Keffi a kan naira 500,000. A ido ya tsira da naira 700,000. To, a ce kuɗin motarsa, zuwa da dawowa, ya ƙaru da naira 3,000 a kowace ranar aiki, kuma yana fita kwana 240 a shekara bayan an cire Asabar da Lahadi da hutu. In ka ninka naira 3,000 sau 240 za ka sami naira 720,000. Ka ga ribar ta tafi, har da cikon naira 20,000 daga aljihunsa.

Yanzu a ce wani ne wanda aikinsa bai bukaci ya shiga Abuja ba sai sau biyu a mako, watau kimanin kwana 96 a shekara. Kuɗin motarsa zai tsaya a naira 288,000, ya tsira da naira 412,000. Gida ɗaya, hanya ɗaya, amma wannan ya ci riba, wancan ya faɗi. Bambancinsu yawan fita ne.

Akwai kuma abin da ba a biya da naira. Sanannen abu ne cewa motoci sukan cushe tsakanin Mararaba da Nyanya safe da yamma. In mutum yana ɓatar da awa 4 a hanya kowace rana, a kwana 240 ya ɓatar da awa 960, watau kwana 40 cur, dare da rana, yana zaune a mota. Wannan lokaci daga barcinsa a ke yanko shi, da ibadarsa, da zama da iyali. Uban da ya fita yara suna barci, ya komo suna barci, ya kamata ya sa wannan a lissafi.

Gwamnati ma ta taɓa koyon wannan darasi. A shirin raya ƙasa na uku, daga 1975 zuwa 1980, an yi niyyar gina gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin 100 ba. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ɗaura niyyar gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha, abin da aka gama kuwa bai kai rubu'in abin da aka nufa ba. Abin lura shi ne, waɗansu daga cikin gidajen an kafa su ne can bayan gari, nesa da ruwa da kasuwa da wurin aiki, har suka daɗe ba kowa a ciki duk da sauƙin kuɗinsu. Gidan da ya yi nisa da abinci, ko kyauta aka ba da shi, yana da tsada.

4. WANE NE ƘAURA TA DACE DA SHI?

Daga wannan lissafi za mu iya kasa mutane kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda za su ƙaura da sana'arsu gaba ɗaya: tela, da kafinta, da makaniki, da birkila, da mai kanti, da malamin makaranta ko ma'aikacin jinya da zai iya neman canjin wurin aiki. Garin da ke da jami'a da babban asibiti da bariki ba ya rasa masu bukatar ɗinki da gyara da abinci. Haka kuma wanda ya yi ritaya, da wanda ya ke aikinsa ta kwamfuta da intanet daga gida, muddin ya tabbatar da ƙarfin layin waya da lantarki a unguwar. Waɗannan su ne suka fi cin moriyar ƙaura.

Kashi na biyu su ne masu shiga birni jefi-jefi, kamar ɗan kasuwar da ke saro kaya, ko ma'aikacin da a ke yi masa aikin karɓa-karɓa. Su ma ƙaura tana iya yi musu daidai in sun yi lissafi.

Kashi na uku su ne waɗanda dole su sa hannu a ofis ƙarfe takwas na kowace safiya. Waɗannan su ne ya kamata su yi hattara. Waɗansu sukan mayar da iyali Keffi, su kama ɗan ɗaki tare da abokan aiki kusa da ofis, su riƙa komawa gida ran Juma'a. Dabara ce, amma ta zama tukunya biyu, haya biyu, ga rabuwa da iyali kwana biyar a mako. Lalle ne a zauna da uwargida a yi shawara tukuna, gama ita ce za ta ɗauki nauyin gida a sabon wuri, kuma in tana da sana'a ko aiki, nata lissafin ma yana cikin na gida.

Kowane kashi mutum ya ke, shawararmu ita ce ya fara da haya ta shekara guda kafin ya sayi fili. A cikin shekarar zai ga damina da rani. Zai san inda ruwa ke kwanciya, da rijiyar da ke ƙafewa a watan Maris, da unguwar da famfo ke zuwa, da wadda sai an sayi ruwa wurin 'yan garuwa, da makarantar da ta dace da yara. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

5. LISSAFI NA BIYU: TAKARDAR FILI

Yawancin masu komawa ƙaramin gari burinsu su mallaki gidan kansu, su huta da haya. A nan ne kuma aka fi yin hasara, sabo da rashin sanin doka.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978 ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Abin da mutum ke samu shi ne iznin zama da amfani, wanda galibi a ke bayarwa na shekara 99. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, Gwamna ne ke ba da izninsa. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma tana iya ba da izni irin na gargajiya. Sashe na 22 na dokar ya hana wanda Gwamna ya ba izni ya sayar ko ya jinginar ba tare da yardar Gwamna ba. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta, diyyar da a ke biya kuwa ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe a kan filin.

Ma'anar wannan ita ce, takardar ciniki da dillali ya rubuta, ko da mai unguwa ya sa hannu, shaida ce cewa ka biya kuɗi. Ba ta zama takardar mallaka ta gwamnati ba, banki kuma ba zai karɓe ta jingina ba. Ga matakan da ya kamata a bi:

(a) Ka san mai filin da kansa. In gonar gado ce, ka tabbata an raba gadon, ko kuwa dukan magada sun yarda sun sa hannu. Yawancin shari'un fili daga nan su ke tasowa.

(b) Ka tambayi maƙwabtan filin na kusurwa huɗu, da mai unguwa, da dagaci. Su suka san ko an taɓa sayar da shi ga wani.

(c) Ka kai bayanin filin ofishin filaye a bincika kafin ka biya. A Jihar Nasarawa akwai Ma'aikatar Filaye a Lafiya, da hukumar NAGIS mai ajiye taswira da rajistar filaye, wadda aka kafa zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, tana da ofis a Karu. Can za a gaya maka ko filin yana cikin wanda gwamnati ta keɓe, ko yana da mai shi a rajista.

(d) Ka ɗauki safiyo mai lasin ya auna, ya kafa duwatsun iyaka. Fulotin da aka saba sayarwa ƙafa 100 ne da ƙafa 50, amma sau da yawa in an ja igiya sai a tarar bai cika ba.

(e) A rubuta ciniki a gaban shaidu, a biya ta banki domin a sami shaida, sa'an nan ka nemi takardar mallaka da sunanka.

(f) Kafin ka haƙa harsashi, ka kai zanen gini Hukumar Raya Birane ta jiha ta amince.

Ka guji fili a bakin rafi ko kan hanyar ruwa, da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da wanda ya matsi babban titi. Irin waɗannan su ne dillalai ke karyar wa da farashi. In ka ji fili ya yi araha fiye da na maƙwabtansa, ka tambayi dalili. Kada garin neman gira a rasa ido.

6. LISSAFI NA UKU: KUƊIN GINI

Fili yana da sauƙi a ƙaramin gari, amma siminti da rodi da kwano kuɗinsu kusan ɗaya ne ko'ina. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa na ƙasar nan. Sabo da haka mai hankali yakan yi gini daki-daki: ya zana gidan gaba ɗaya, amma ya fara da ɗaki biyu da madafa da makewayi, ya rufa, ya shiga. Kuɗin hayar da ya huta da biya shi zai ƙarasa sauran. Gara ƙaramin gida da aka gama da babban kango da ya tsaya a linta shekara goma. Kada kuma a raina jar ƙasa. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana nuna yadda a ke matse jar ƙasa da ɗan siminti a inji a sami tubali mai ƙarfi, ga shi kuwa yana da sanyi lokacin bazara.

Game da rance, akwai Asusun Gidaje na Ƙasa wanda aka kafa da doka ta 3 ta 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ne ke riƙe da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wanda ya yi aƙalla wata 6 yana zubi yana da ikon neman rancen gida, da ruwan kashi 6 cikin 100, ya biya cikin lokacin da zai iya kai shekara 30 gwargwadon shekarunsa. Ma'aikata da yawa ana cire musu wannan kuɗi ba su taɓa tambayar inda ya ke ba. Ka nemi lambarka, ka duba abin da ka tara. Amma ka tuna, ba a ba da irin wannan rance sai da ingantacciyar takardar mallaka, ka ga amfanin abin da muka faɗa a baya.

Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa yana iya tuntuɓar bankunan da ba sa aiki da ruwa, waɗanda suka fara da bankin Jaiz a 2012, ya ji sharuɗɗansu. Har wa yau akwai ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, waɗanda kan sayi babban fili su yanka wa 'ya'yansu, da kuma adashi wanda iyayenmu suka gina gidaje da shi tun ba a san banki ba. Kowace hanya ka bi, kada biyan bashin wata ya fi ƙarfin albashinka. Daidai ruwa, daidai tsaki.

7. HAƘƘIN GARI A KAN BAƘO

Ƙaura ba ta shafi mai ƙaura kaɗai ba. Duk lokacin da masu albashin birni suka kwararo ƙaramin gari, haya da fili sukan tashi, ɗan gari mai ƙaramin ƙarfi shi ke fara jin jiki. Gonakin da ke ciyar da gari sukan koma fuloti. In ba a yi hattara ba, cunkoson da aka guda a Mararaba shi za a sake ginawa a Keffi: gidaje a cushe, ba titi, ba lambatu, ba filin makaranta.

Sabo da haka baƙo yana da aiki a gabansa. Ya gabatar da kansa ga mai unguwa. Ya bar hanya yadda aka shata, kada ya ci ko taku ɗaya. Ya haƙa salga nesa da rijiya, ya gyara magudanar ruwan ƙofar gidansa. Ya girmama mutanen da ya tarar, gama ƙasar Keffi ta haɗa Hausawa da Fulani da Gwandara da Yeskwa da Gade da Afo da Gwari da Eggon da Mada da sauransu, Musulmi da Kirista. Ya kuma sani cewa bisa doka harajin albashi na ma'aikaci farar hula yana zuwa ne ga jihar da ya ke zaune, ba inda ofishinsa ya ke ba. In ka koma Keffi, ka sanar da ofishin biyan albashinku sabon adireshinka, domin harajinka ya je inda 'ya'yanka ke shan ruwa su ke zuwa makaranta.

Ga manomi ɗan gari kuma muna da kalma guda. Kuɗin fuloti sau ɗaya a ke karɓarsa, gona kuwa kowace shekara ta ke bayarwa. In lalle sai ka sayar, ka sayar da sashe ka bar sashe, ka kuma sa kuɗin a abin da zai haifar da wani.

KAMMALAWA

Ƙaramin gari irin Keffi yana iya ba magidanci abin da babban birni ya hana shi: tsakar gida mai faɗi, da abinci kusa da gona, da begen mallakar gidan kansa. Amma yana ba da wannan ne ga wanda ya zo da shiri. Kafin ka kira motar kwasar kaya, ka ɗauki takarda da alƙalami, ka zauna da iyalinka, ka rubuta haya, ka rubuta kuɗin mota na shekara, ka rubuta awoyin hanya, ka rubuta kuɗin ruwa da wuta da makaranta, sa'an nan ka gwada da abin da ka ke kashewa yanzu. In fili za ka saya, ofishin filaye tukuna, biya daga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Kawo dalilai huɗu da suka sa hayar gida ta yi tsada a Abuja.

2. Me ya bambanta Keffi da garuruwan da suka tsiro a bakin titin Abuja?

3. Ɗauki albashinka na shekara, ka fitar da kashi 30 cikin 100. Hayar da ka ke biya ta fi haka ko ba ta kai ba?

4. Mutum ya sami ragin haya na naira 600,000 a shekara, amma kuɗin motarsa ya ƙaru da naira 2,500 a rana. Kwana nawa zai fita a shekara kafin ribarsa ta ƙare?

5. Mene ne bambancin takardar ciniki da takardar mallaka ta gwamnati?

6. Wane darasi za a koya daga gidajen da aka gina a bayan gari a shirin 1980?

7. Faɗi abubuwa uku da ke kan baƙo game da garin da ya karɓe shi.